Daren da na kwance ɗorin hannun Auta

'Yar uwa, in kina da yaro mai ƙiriniya ɗan shekara huɗu zuwa goma, ki ɗan ajiye abin da kike yi ki karanta wannan. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi, domin akwai surukata a ciki, kuma mace ce da ban taɓa ganin sharri daga gare ta ba. Sai da na nemi izininta. Ta ce in rubuta, "amma ki gaya musu ni ma rashin sani ne."

Autana yana da shekara shida a lokacin. Wata Asabar bayan la'asar ya hau katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta zai ɗauko ƙwallo, ƙafarsa ta zame, ya faɗo ya dafe ƙasa da tafin hannun hagu. Kin dai san uwa tana bambance kukan shagwaɓa da na gaske ko tana madafi. Kafin in ɗauko mayafi gwiwar hannun ta kumbura suntum, ta yi wani irin lanƙwasa a inda babu gaɓa.

Abbansu ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Hajiya, mahaifiyarsa, tare muke zaune. Da na ambaci asibiti sai ta riƙe haɓa. "Ki kai musu jikana su yanke masa hannu?" Ta ce akwai mai ɗori a bayan layinmu, gado ya yi, kuma mahaifinsa ne ya ɗora Abbansu lokacin da ya karye a ƙafa yana yaro, ga shi nan yana tafiya garau. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ma na taso da jin cewa asibiti yanke hannu suke yi. Ban yi wata gardama ba, na bi ta.

Dattijo ne mai fara'a. Ya yi addu'a, ya yi tofi, samari biyu suka riƙe yaron, ya ja hannun ya murɗa. Ihun da Auta ya yi har yau yana kunnena. Ya jera karare ya naɗe da tsumma tam, tun daga damtse har tsintsiyar hannu. Ya ce kada a kuskura a kwance sai bayan kwana bakwai, kuka kuwa dole ya yi, a yi haƙuri.

Muka yi haƙurin. Na ba shi maganin rage zafi, na kawo abinci ya ƙi ci. Maimakon kukan ya lafa, sai ƙaruwa yake. Wajen ƙarfe goma sha biyun dare na haska yatsunsa da fitilar waya. Sun kumbura sun yi tsuru-tsuru, na taɓa na ji sanyi, farcen ya yi fari fat. Na ce ya motsa su, ya ce ba ya jin su sosai, kamar tururuwa na yawo a ciki.

Na je na buga wa maƙwabciyata ƙofa, ma'aikaciyar jinya ce. Allah Ya saka mata da alheri, ko tsaki ba ta yi ba. Abu biyu ta yi, kuma ina so ki riƙe su. Ta danna farcensa ta saki. Ta ce a lafiyayyen hannu jan farce yana dawowa cikin daƙiƙa biyu, nasa kuwa ya daɗe bai dawo ba. Sannan ta miƙar da yatsunsa a hankali, yaron ya ƙwalla ƙara kamar an ɗora masa garwashi. Ta ɗago ta ce, "Maman Auta, ɗauko almakashi."

Hajiya na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "An ce kwana bakwai. In hannun nan ya lalace, ke kika sani." Kin san nauyin wannan magana a gidan miji, ga mijin ba ya nan balle ya raba gardama. Hannuna na rawa na yanka tsumman, maƙwabciyata tana tallafe da hannun. Fatar duk sawun karare, har ta fara yin bororo. Ta ninke kwali ta ɗora hannun a kai yadda yake, ba ta ja ba, ba ta miƙar ba, ta ɗaure sako-sako da ɗankwali. Mijinta ya fito da mota. Hajiya ba ta ce uffan ba, amma ta ɗauki mayafinta ta shiga gaba.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan da ke aikin dare ya juya bayan kati ya zana mana, ni da Hajiya. Ya ce ba gaɓar ce ta goce ba, ƙashin damtse ne ya karye daf da saman gwiwar hannu. A yara wurin siriri ne ƙwarai, shi ya sa wannan ita ce karayar gwiwar hannu da aka fi gani a wurinsu, musamman 'yan shekara 5 zuwa 7, kuma kusan kullum ta hanyar dafe ƙasa ne in an faɗo. Abin da ya sa ta fi sauran karaya haɗari shi ne, babbar jijiyar jinin da ke ciyar da hannu ta gaban wurin take wucewa, tare da jijiyoyin da ke sa yatsu motsi da ji. Bakin ƙashin da ya karye yana iya danne su ko ya ƙuje su. Ga kuma kumburi da ke ta ƙaruwa a kwanakin farko. In aka ɗaure tam daga waje, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka. Tsokar da jini ya yanke mata kuwa, daga awa shida zuwa takwas ta fara mutuwar da ba ta dawowa.

Na lissafa a zuciyata. Daga magariba zuwa lokacin da na sa almakashi, awa shida da wani abu. Allah Ya sa ɗaurin bai tsayar da jinin gaba ɗaya ba. Bayan an kwance, kafin mu iso, yatsun sun fara ɗumi.

Daga baya na yi ta karance-karance a kan abin, irin na uwar da ta tsorata. Likitoci suna kasa wannan karaya ne bisa tsarin wani likitan Amurka, Gartland, wanda ya fitar a 1959. Kashi na farko, ƙashin ya tsage amma bai goce ba: wannan filasta kawai ake sawa ta sati uku zuwa huɗu, babu tiyata. Na biyu, ya karkace amma bayansa na haɗe. Na uku, ya rabu biyu gaba ɗaya. Na Auta na uku ne.

Da na ji kalmar tiyata sai cikina ya ɗuri ruwa, na ɗauka za a tsaga hannun ne daga sama har ƙasa. Ashe ba haka ba ne. An tambaye ni yaushe rabonsa da abinci, domin ana son cikin yaro ya yi kamar awa shida babu abinci kafin a sa shi barci. Ƙin cin da ya yi da daddare sai ya zama alheri. Da asuba aka shiga da shi. Yana barci likita ya ja ƙashin ya mayar da shi mazauninsa, yana kallon na'urar da ke nuna ƙashi a allo. Sannan ya soka wasu siraran wayoyin ƙarfe guda uku ta cikin fata, kaurinsu bai wuce na tsinken sakace ba, suka riƙe ɓangarorin biyu. Wani likitan Jamus, Kirschner, shi ya fara amfani da irinsu tun 1909, har yau da sunansa ake kiransu. Aka lanƙwasa bakinsu a waje, aka sa filasta ta bayan hannun kawai, aka bar gaba da bandeji domin kumburi ya samu wuri. Ba a yanka ko'ina ba. Ana buɗe wurin ne in ƙashin ya ƙi komawa, ko kuma in jini bai dawo hannun ba bayan an gyara.

Ki lura, ja ne mai ɗori ya yi, ja ne likita ya yi. Bambancin, ɗaya yana ganin abin da yake ja, yaron na barci tsokarsa ta saki, kuma ƙarfe ne zai riƙe ƙashin daga ciki, don haka ba a bukatar matse hannun daga waje.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara tara ba. Hannunta na dama ya ƙanƙance, tsintsiyar ta lanƙwashe, yatsun sun dunƙule kamar ƙafar kaza. Mahaifiyarta ta ce irin faɗuwar Auta ce, daga bishiyar mangwaro. Su sun cika kwana bakwan. Wani likitan Jamus mai suna Volkmann ya bayyana wannan ƙandarewar hannu tun 1881, kuma tun a lokacin ya ɗora laifin a kan ɗauri mai tsanani. An kawo ta ne a gwada sassauta mata jijiyoyi ko za ta iya riƙe cokali. Hajiya ta daɗe tana kallon yarinyar nan. A wurin na fahimci inda maganar "asibiti yanke hannu suke yi" ta samo asali. Ana kai hannu ne bayan ya riga ya yi baƙi ya fara wari, likita ya yanke don ya ceci ran yaron, sai labari ya koma unguwa cewa an kai shi asibiti an yanke. Kwanakin da aka yi a gida kafin nan ba mai ba da labarinsu.

Ba na son in zalunci masu ɗori. Yawancinsu ba mugunta ce ta sa su ba, suna kusa, ba su da tsada, suna karɓar mutum da mutunci, kuma mutane da yawa sun warke a hannunsu. Akwai ma dalilin da ya sa. Ƙashin yaro yana haɗewa da sauri, kuma in karayar tana kusa da inda ƙashin ke tsawo, yana miƙe kansa da kansa. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon ƙashin damtse daga ɓangaren kafaɗa yake fitowa. Shi ya sa yaro in ya karye ta wajen kafaɗa, ko a ƙashin nan da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, sau da yawa ko a asibiti rataye hannun kawai ake yi a wuya, ya warke sumul. Ɓangaren gwiwar hannu kuwa kashi 20 ne kacal nasa. In ya haɗe a karkace, haka zai zauna. Na tabbata kin taɓa ganin babban mutum da in ya miƙe hannu sai ki ga ya baude ciki kamar gindin bindiga. Yawanci irin wannan karayar ce ta yarinta. Gyaransa sai an sake yanka ƙashin an daidaita, aikin da ya fi na farko girma nesa ba kusa ba.

Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Kuɗi kam an kashe, sai da na karɓi adashina kafin lokaci, Abbansu ya ciko da ya dawo. Bayan sati huɗu aka zare wayoyin a ɗakin ganin likita, ba allurar barci, kafin ya gama buɗe baki zai yi kuka an gama.

Abu biyu suka rage. Na farko, babban yatsansa da manuniya sun ƙi lanƙwasa a kai. In aka ce ya haɗa su ya yi zobe, sai su haɗu a miƙe. Likita ya ce ita kanta karayar tana yawan ƙuje wannan jijiyar, don haka ban ɗora wa mai ɗori wannan ba. Ya ce galibi tana farfaɗowa da kanta cikin 'yan watanni. Kullum da safe kafin ya tafi makaranta sai na ce, "Auta, yi min zobe." Ana cikin wata na uku ya yi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana.

Na biyu, gwiwar ta yi tauri, ba ta miƙewa sosai, ba ta lanƙwashewa har ya taɓa kafaɗa. Nan muka kusa sake saɓawa da Hajiya. Ta dafa ruwa, ta tanadi tawul da man kaɗanya, za ta gasa ta miƙar da ƙarfi. Wannan karon ban yi musu da ita ba, na roƙe ta ta raka mu ganin likita. Ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Mama, wannan gaɓar ba ta son dole. In aka murza ta ana ja da ƙarfi, ƙashi na iya tsirowa a cikin tsoka, ta ƙara ƙagewa. Ki bar shi ya yi wasansa, ya sa rigarsa da kansa, ya ɗauki kofinsa." Sai ta mayar da abin nata salon: ta riƙa ɗora alewa a kan kanta, sai ya miƙa hannun hagu ya ɗauka. A hankali, cikin watanni, hannun ya sake.

In Allah Ya kawo tsautsayi, ba fata nake miki ba, yaro ya faɗi gwiwar hannu ta kumbura, kada ki ja, kada ki bari a ja. Ki tallafe hannun a kan kwali yadda kika same shi, ki cire awarwaro ko zobe tun kumburi bai hana ba, kada ki ba shi abinci ko abin sha, ki nufi inda za a ɗauki hoto. Mu na Kano muna da Asibitin Ƙashi na Dala, manyan asibitocin koyarwa da na gwamnatin tarayya ma suna da sashen ƙashi. In kuma an riga an ɗaure, ko ɗorin gida ne ko filastar asibiti, yatsu za ki sa wa ido: ɗuminsu, launin farce, motsinsu, da ciwon da ke ƙaruwa duk da an sha magani. In kin ga haka ba a jiran gari ya waye, ba a jiran Abbansu ya ɗaga waya.

Hajiya ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Amma ranar da aka sallame mu, ita ta riƙe hoton ƙashin a cinyarta har gida, kuma har yau yana cikin akwatinta tare da takardun fili. Auta yanzu yana aji huɗu. Abin da ya rage a gwiwar hannun ɗigo uku ne kamar tabon ƙyanda. Makon jiya na leƙa ta taga na gan shi a kan katangar nan dai, ƙwallo a hammata, kakarsa na ƙasa da carbi a hannu tana ce masa ya sauko ta wajen turmi.