Kafin A Jinginar Da Gonar Citta: Magana Kan Na'urar Farfaɗiya

Tun da labarin wata na'ura da ake dasa wa masu farfaɗiya ya fara yawo a wayoyinmu, tambaya ɗaya ake ta kawo wa ƙungiya: ina za a sami likitan da ke wannan aiki? Har akwai iyalin da suka fara shawarar jinginar da gonar citta don su fitar da ɗansu waje. Shi ya sa muka bi diddigin maganar.

Sunan aikin VNS. Akwai wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta gangara ƙirji da ciki. Likitan tiyata yakan sa ƙaramar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji ta hagu, ya haɗa ta da jijiyar a wuya da siririyar waya. Na'urar sai ta riƙa tura ɗan lantarki lokaci-lokaci don rage bugun ciwon. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita ga farfaɗiya a 1997, sannan a 2005 ga tsananin ciwon damuwa da ya ƙi jin magani.

Amma ga abin da masu tallar ba sa faɗa. Ga yawancin mutane rage yawan faɗuwa take yi, ba raba su da ciwon ba, kuma ana ci gaba da shan magani. Amfaninta kan ɗauki watanni kafin ya bayyana. Tana iya sa dashewar murya da tari. Dole likita ya riƙa saita ta, in batir ya ƙare kuma sai an sake tiyata. To wanda aka yi wa a wata ƙasa ya dawo Kwoi, wa zai riƙa duba masa ita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Ana maganar VNS ne bayan an gwada aƙalla magunguna biyu yadda ya kamata ba a dace ba. Mu kuwa a nan, sau da yawa ba maganin ne ya gaza ba. An saye shi ne a kemis ba gwaji, ko an sha na wata biyu, kuɗi ya yanke kafin a haƙi citta, aka ajiye.

Don haka hanyar neman ƙwararre daga gida take farawa. A je babban asibitin Kwoi ko na Kafanchan a karɓi takardar turawa. Daga nan akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, asibitin koyarwa na ABU a Shika, na Jami'ar Jos, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, shi zai sa a yi gwajin EEG da hoton ƙwaƙwalwa. Mai ciwon damuwa kuma likitan lafiyar tunani zai gani, a fara da magani da zaman ba da shawara. In har ana buƙatar na'urar, daga bakin waɗannan likitocin za a ji, su ne kuma za su faɗi inda za a nufa. Duk dillalin da ya yanke muku farashi bai ga maras lafiya ba, ku kama kanku.

Abin da muke roƙo shi ne kowane gida ya ajiye ɗan littafi: ranar faɗuwa, tsawonta, sunan magani da yadda ake sha. Likita zai ji daɗin aiki da shi. Idan ciwon ya tashi, a kwantar da mutum ta gefe, kada a tura masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. In ya wuce minti 5, sai asibiti. Wanda damuwa ta kai shi ga maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Addu'a muna yi, a masallaci da coci, amma a haɗa da magani. Mai buƙatar ɗan rakiya zuwa Kaduna ko Jos ya same mu a taron wata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sakataren ƙungiya