Abin da Tsagaggun Tukwane Suka Koya Mini

'Yan'uwana ɗalibai, ku ji irin kunyar da na sha sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta kusa da Kafanchan, ko wani ya tsira daga irinta.

An ba ni darasin aikin hannu a aji huɗu. Muka ɗebo yumɓu a bakin rafi, muka gina tukwane 20. Na sa yara suka jera su a rana domin su bushe kafin malamin da zai duba aikina ya zo. Ga shi kuwa lokacin hunturu ne. Kashegari muka tarar duk sun tsattsage, har wata yarinya ta fashe da kuka.

Ran Asabar na kai wa kakata guda ɗaya. Maginiya ce, amma na daɗe ina raina sana'arta, gama ba ta yi karatu ba. Ta yi dariya ta ce, "Maigidana, ashe littattafanka ba su gaya maka tukunya ba ta son gaggawa ba?"

Sa'an nan ta nuna mini. Ta daka tsingaro, ta tankaɗe, ta kwaɓa garin da yumɓu sosai. Ta ce kaurin tukunya ya zama ɗaya ko'ina. A shanya ta a inuwa inda iska ba ta bugawa, gama yumɓu yakan tsuke in yana bushewa, in baki ya riga gindi bushewa sai ya tsage. Kafin a toya kuma, a kife ta bisa garwashi ta ɗumama, domin sauran ruwan ya fita sannu-sannu.

Daga baya na karanta labarin kan mutum-mutumin Nok da aka haƙo a wurin tonon kuza kusa da Jama'a, wanda Bernard Fagg ya sanar da duniya darajarsa. Kayan Nok sun wuce shekara 2,000. Magina sun gauraya yumɓunsu da tsakuwa, suka bar cikin kawunan a rarake, da huji a idanu da hanci, inda tururi zai fita. Ashe hikimar kakata tsohuwa ce a ƙasarmu.

Muka sake gini, muka yi haƙuri mako biyu. Tukwane 17 suka fito lafiya.

To, mu da za mu zama malamai, kada mu raina tsofaffinmu. Yaro ma kamar ɗanyar tukunya yake: mai gaggawa da shi, shi ke tsaga shi.