Ƙotar Bindiga da Ƙotar Fartanya

A ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Rima daga Goronyo zuwa Wurno, da waɗanda ke kudu da su a ƙasar Rabah, ba a cika tambayar shekarun bindiga ba. Ƙotarta ake dubawa. Inda tafin hannu ke zama, itacen ya yi baƙi ya yi sulɓi. Inda igiyar rataya ke gogar bututun, ƙarfen ya koɗe ya yi fari. Ga lotsawa daga ranar da ta faɗi a kan marmara, ga waya da aka ɗaure tsaguwa da ita, ga laya da aka ɗinke cikin jar fata. Tsofaffin maharba ba sa kiran ko ɗaya daga cikin waɗannan aibi.

A Amurka, inda mallakar bindiga ta zama ruwan dare, ra'ayi ya rabu a kan wannan batu. Akwai masu kulle tasu cikin akwatin ƙarfe, kwarzanen farko ya hana su barci. Akwai kuma masu tara tsofaffin makamai, waɗanda ke rage farashi da zarar sun gane an goge bindiga an sake mata launi, domin a wurinsu dattin shekaru shi ne shaidar asali. Duka ɓangarorin biyu suna kallon bindiga ne a matsayin kadara. A kwarin Rima lissafin ya bambanta, kuma tarihi ne ya bambanta shi.

Bindiga ta daɗe tana da wuyar samu a wannan ƙasa. A 1826, lokacin da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙar wani garin Gobirawa, bindigogin da ya ƙirga ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da dubban mahaya da masu kwari da baka. Bello shi ne ya kafa ribaɗin Wurno, kuma a nan ya rasu a 1837. Daga baya maƙera suka ƙware wajen ƙera adaka da harba-ka-ruga, amma ba a taɓa samun shagon sayar da kayan gyaransu ba. Abin da ya karye sai a ɗaure shi, ko a koma maƙera, kuma kowane gyara yakan bar alamarsa. Saboda haka bindigar da ba ta da tabo, a idon mutanen da, ko dai sabuwa ce ko kuwa mai ita rago ne.

Sai dai maharbin da ya san sana'arsa ba ya yi wa kowane tabo kallo ɗaya. Gida uku yake raba su.

Na farko shi ne tabon aiki, wanda gumi da ƙaya da tafiya suka bari. Wannan ba ya rage komai, har ma yakan ƙara wa mai saye natsuwa, tunda abin da ya daɗe yana harbi bai fashe ba ya riga ya ci jarrabawa.

Na biyu shi ne tsatsar ciki, wadda ido ba ya gani. Tokar albarushi tana jawo laima, kuma a yankin fadama, musamman da damina, bututun da aka bari ba a wanke ba yakan ci kansa daga ciki har ya yi sirara. Ranar da ya fashe, da yatsun mai shi ko idonsa yake tafiya. Dillali marar tsoron Allah ya san haka, shi ya sa yakan shafe waje da fenti da mai har ya ɗauki ido. Irin wannan bindiga kyan ɗan maciji gare ta.

Na uku bai da daɗewa a yankin, kuma shi ya fi muni. Shi ne ɗan gurbin da ake gani a jikin bindigar bature, inda aka sa magagari aka kankare lambarta da gangan. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen ECOWAS suka sanya wa hannu a Abuja a 2006 ta wajabta yi wa makamai alama domin a iya bin sawunsu. Wanda ya kankare lamba yana so ne kada a san rumbun da bindigar ta fito, ko daga Libiya ta gangaro bayan rushewar 2011, ko daga hannun wani jami'i ta sulale. Sauran tabba suna rubuta tarihi. Wannan shafe shi yake yi.

Matasan da ke kwana suna gadin gari a yau sun tashi da wani ido daban. Sun ga ɓarayin daji a TikTok suna baje kolin AK-47 da damin kuɗi, don haka adakar gado takan ba su kunya. Ba abin mamaki ba ne a ji saurayi yana cewa, "Baba, wannan fa ta tsufa, dariya ake yi mini." Amsar dattijo ba ta cika canzawa ba: "Yaro, ɗaga ta ka leƙa cikinta a rana, sannan ka dawo mu yi maganar tsufa." Dattijon yana da gaskiya a kan ƙarfe. Amma akwai abin da yake gani a ƙotar wanda ba ya son furtawa.

Sulɓin da hannunsa ya bari ya ɗauki shekaru arba'in kafin ya samu, domin bindigar da rani take fita, bayan an kai amfanin gona gida, don zomo da zabi da gada. Sulɓin da hannun ɗansa ya ƙara a kai, cikin 'yan shekaru kaɗan ya samu. Tun harin da aka kai kasuwar Goronyo ranar 17 ga Oktoba, 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 40, da ire-irensa a Rabah da Wurno, bindigar ba ta ƙara komawa kan maratayinta ba. Kuma tabo ba ya faɗin wanda aka harba. An sha zargin 'yan sa-kai da kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kuma ƙotar mai kare gari da ta mai ramuwar gayya iri ɗaya suke yin baƙi. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Sakkwato ta kafa a 2024 ƙoƙari ne na sanya waɗannan hannaye ƙarƙashin doka.

An kammala madatsar Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Tsawonta ya haura kilomita 12, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma an gina ta ne don shayar da Sakkwato da bunƙasa noman rani. Hannun da ke goge ƙotar bindiga da dare shi ne ya kamata ya wayi gari yana ban ruwa a fadamar albasa da tafarnuwa da shinkafa. Kowane dare na gadi yini ne da gona ta rasa.

Mai son sanin halin da kwarin Rima ke ciki yana iya shiga zauren manomi ya kwatanta ƙota biyu. Muddin ta bindiga ta fi ta fartanya sheƙi, ruwan da aka tare a Goronyo bai kai ga yin aikin da aka tare shi dominsa ba.