Yerwa Da 'Ya'yan Midil

Duk baƙon da ya sauka Maiduguri, ko da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, ba zai kwana biyu ba sai allunan gari sun karantar da shi sunayen waɗansu mutane. Ga Titin Sir Kashim Ibrahim ya ratsa tsakiyar gari, ga Barikin Maimalari inda sojoji suke, ga kuma Asibitin Umaru Shehu can wajen Bulunkutu. Direban keke-napep yakan kira waɗannan sunaye sau ɗari a wuni, amma da wuya ya ce ga abin da ya haɗa masu su. Abin da ya haɗa su kuwa tsani ne guda ɗaya mai matakai uku: Elementare a ƙauye ko a gari, Midil a Maiduguri, sa'an nan Kwaleji a Katsina, ko Kaduna, ko Zariya. Kusan duk wani ɗan Barno da ya yi suna a aikin mulki, ko soja, ko likita, tun daga zamanin Turawa har zuwa Jamhuriya ta Biyu, ta wannan tsani ya hau.

Shi kansa garin ba tsoho ba ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. Bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma kashe shi a Kusuri a 1900, sai Shehu Abubakar Garbai ya komo da gadon sarautar Barno. A 1907 ya kafa fadarsa a bakin kogin Ngadda, ya sa wa wurin suna Yerwa, kusa da wani ƙauye da ake kira Maiduguri inda Turawa suka yi mazauni. Har yau ɗan gari Yerwa yake cewa, Maiduguri sunan takarda ne. Faffaɗan Dandal ɗin nan da ya miƙe har ƙofar Shehu, da itatuwan dogon yaro da suka yi wa tituna rumfa, su ne abin da baƙo ya fi tafiya da shi a zuciyarsa.

Amma fa in gari sabo ne, ilmi a ƙasar ba sabo ba ne. Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarni na 11, a ƙarni na 13 kuwa har masauki aka gina wa ɗaliban ƙasar a Alƙahira. Almajirin Kano ko na Zazzau idan ya ce ya tafi gabas, Barno yake nufi, kuma kalmar nan "gwani" da Bahaushe yake kiran wanda ya ƙware da Alƙur'ani 'yar'uwar "goni" ce ta Barebari. Saboda haka da Turawa suka zo da makarantar boko, ba su tarar da jahilai ba. Sun tarar da mutanen da suke ganin su ne malaman Sudan, ba su kuwa ga abin da baƙo zai koya wa 'ya'yansu ba. Kamar yadda ya faru a sauran lardunan Arewa, sai da aka riƙa ɗora wa hakimai da lawanai nauyin kawo yara, wani ya ɓoye ɗansa ya miƙa ɗan baransa. Da yawa daga cikin masu ɓoyewar sun rayu har sun ga wanda aka miƙa ya zama abin da ya zama.

Wani abin mamaki shi ne, Baturen da ya aza harsashin boko a Arewa, watau Hanns Vischer wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya yi aikin mulki a Barno kafin ya zama malami. Shi ne ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906. A 1909 ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, daga nan kuma aka haifi makarantun larduna. Ta Barno an buɗe ta a Maiduguri a 1915. Wajen 1930 aka sake tsarin ilmi, makarantun larduna suka koma Midil, daga baya suka zama sakandaren lardi, a ƙarshe suka sami sunayen da aka san su da su: ta Kano ta zama Kwalejin Rumfa, ta Zariya Alhudahuda, ta Sakkwato Nagarta, ta Maiduguri kuwa Kwalejin Gwamnati. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, En'e ce take ciyar da yaran, ta tufatar da su, kuma kowace tana aika 'yan ƙalilan da suka fi hazaƙa zuwa Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Tafiya daga Yerwa zuwa Katsina ta haura mil 400, jirgin ƙasa kuwa bai iso Maiduguri ba sai 1964. Yaron da bai taɓa barin gindin uwarsa ba, wanda wataƙila ko Hausa ba ya ji sosai, shi ne za a ɗauka a kai shi cikin Sakkwatawa da Kanawa da Nufawa da Fulanin Adamawa, ya shekara biyar yana kwana ɗaki ɗaya da su. A nan ne aka ƙulla zumuncin da daga baya ya riƙe gwamnatin Jihar Arewa.

Babban yayan wannan zuri'a shi ne Kashim Ibrahim. An haife shi a Yerwa a 1910, ya shiga makarantar lardi, a 1925 ya wuce Katsina, watau ya riga Ahmadu Bello da shekara guda, ya riga Abubakar Tafawa Ɓalewa da shekara uku. Ya gama a 1929 ya komo gida ya kama koyarwa a makarantar da ta yaye shi. Daga baya aka mai da shi malami mai zagaya makarantun lardi, aiki ne mai wuya a ƙasa mai faɗi irin Barno, inda rairayi yake cin ƙafa da rani, laka ta firgi kuma ta hana tafiya da damina. Aikinsa ya bi ƙauyuka ya duba malamai, ya lallashi iyaye, ya zaɓo yaran da za su iya. A 1935 Shehu ya naɗa shi Shettima. Ya zama minista a Ikko a 1952, ya zama Wazirin Barno a 1956, a 1962 kuma ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar Gwamnan Jihar Arewa, abin da ya sa har yau gidan gwamnati na Kaduna yake amsa sunansa. Mutane sun fi tunawa da gwamnan mai rawani da alkyabba. A gaskiya kuwa shekarun nan da ya yi yana zagaya ƙauyuka su ne suka fi yi wa Barno amfani, domin da yawa daga cikin waɗanda za a ambata nan gaba a zamaninsa aka tsinto su.

Kada mai karatu ya zaci makaranta ɗaya ra'ayi ɗaya take haifarwa. Ibrahim Imam, haifaffen 1916, shi ma Katsina ya yi, har ya zama babban sakataren jam'iyyar NPC. A tsakiyar shekarun 1950 ya raba gari da ita, ya jagoranci ƙungiyar samarin Barno, ya yi ƙawance da NEPU, daga baya da Action Group, ya zama shugaban 'yan hamayya a Majalisar Kaduna. Watau a lokacin da Kashim Ibrahim yake Waziri yana kare En'e, ɗan'uwansa na makaranta ne yake tsaye yana tone mata asiri, rikicin kuwa bai tsaya ga baki ba, har jini ya zuba a Yerwa. Waziri Ibrahim kuma, wanda aka haifa a 1926, ya yi Elementare a Damaturu, Midil a Maiduguri, Kwaleji a Kaduna, ya yi aiki da kamfanin UAC, ya zama ministan lafiya, daga baya na raya tattalin arziki. Shi ne ya kafa GNPP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 da takensa na siyasa ba da gaba ba. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kama Barno da Gongola, wanda ya zama gwamnan Barno kuwa, Muhammadu Goni, shi ma ɗan Midil ne.

Ranar da ta fi kowace rana nuna nauyin wannan zuri'a ita ce Asabar 15 ga Janairu 1966, kuma nunin baƙin ciki ne. Daga cikin manyan hafsoshi huɗu 'yan Arewa da aka kashe a daren juyin mulkin farko, uku 'yan Lardin Barno ne. Birgediya Zakariya Maimalari, kwamandan runduna ta biyu, yana cikin 'yan Nijeriya na farko da suka fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Ya tsere wa waɗanda suka je gidansa a Ikoyi, yana kan hanya ya hangi motar Manjo Ifeajuna, hafsan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya tsai da ita yana tsammanin ya sami agaji, a nan aka harbe shi. Kanar Kur Muhammad aka ɗauko shi daga gidansa. Laftanar Kanar Abogo Largema, kwamandan bataliya ta huɗu da ke Ibadan, ya zo Ikko taro ne, aka kashe shi a otal ɗin Ikoyi. Dukansu uku, da na huɗunsu James Pam, 'yan Barewa ne. A Kaduna sojojin Manjo Nzeogwu suka kama Gwamna Kashim Ibrahim, suka tsare shi, daga baya suka sake shi. A Ikko kuwa, da aka nemi Firayim Minista aka rasa, ministocin NPC suka gabatar da Zanna Bukar Dipcharima ya riƙe musu. Dipcharima haifaffen 1917 ne, ɗan Midil ta Maiduguri, ɗan Kwalejin Katsina, tsohon malamin makaranta. Shi ne ya shugabanci ragowar ministocin da suka miƙa mulki ga Janar Ironsi washegari da dare. Lardin da shekara hamsin kafin nan ake bi gida gida ana roƙon yara, shi ne ya fi kowane lardi hasarar hafsoshi a daren, kuma ɗansa ne ya rufe ƙofar Jamhuriya ta Farko.

Na bayansu suka ɗauka daga nan. Muhammadu Shuwa, wanda ya yi Midil ta Barno sa'an nan ya yi aji ɗaya da Murtala Muhammad a Zariya, shi ne kwamandan runduna ta ɗaya a yaƙin basasa. Abba Kyari, ɗan Midil da Barewa shi ma, ya yi gwamnan Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 zuwa 1975. Sojojin Shuwa ne suka kama Nsukka a watan Yuli 1967. Bayan shekara 11 wani ɗan Midil ɗin Maiduguri ya shiga garin, ba da bindiga ba, watau Farfesa Umaru Shehu, wanda aka naɗa ya shugabanci jami'ar Nsukka a 1978. Likita ne, ya yi Kwalejin Kaduna zamani ɗaya da Waziri Ibrahim, ya shiga jami'ar Ibadan a 1948, shekarar da aka buɗe ta.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ko da ba zai yi wa tsofaffin ɗalibai daɗi ba. Tsanin nan siriri ne ƙwarai. Midil ɗaya tak ga lardin da ya haɗa jihohin Barno da Yobe na yanzu, daga cikinta ma 'yan kaɗan suke wucewa Kwaleji kowace shekara. Turawa ba al'umma suka yi nufin ilmantarwa ba, malamai da akawu da ma'aikatan En'e suke bukata. Babu mace ko ɗaya cikin sunayen da aka lissafa, domin makarantun 'yan mata sun makara da yawa. Sai dai wanda aka ɗauka an riƙe shi da gaske: abinci, da tufa, da littafi, da malamin da ya san sunan ubansa. Yaron ƙauye da ba shi da kowa a birni yana iya hawa har ƙarshe. Da aka faɗaɗa ilmi a shekarun 1970, aka buɗe Jami'ar Maiduguri a 1975, aka shigo da ilmin firamare kyauta a 1976, ƙofa ta buɗe wa dubbai, amma riƙon nan bai bi yawan ba.

Sa'an nan sai ga masifar da ta tashi daga cikin Yerwa kanta. Ƙungiyar da mutane suka laƙaba wa suna Boko Haram a nan ta yi hedkwatarta, kusa da tashar jirgin ƙasa, kafin rikicin Yuli 2009. Tsohuwar shakkar nan ta 1915, wadda Kashim Ibrahim da ire-irensa, mutane masu carbi da Alƙur'ani, suka ɓata rayuwarsu suna kwantar da ita, ita ce aka tono aka ɗora mata bindiga. Aka ƙone azuzuwa, aka bi malamai har gida. A watan Maris 2014 gwamnatin jihar ta rufe makarantun sakandare, a watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok. Makarantun kwana na Maiduguri, har da Kwalejin Gwamnati, suka koma sansanonin 'yan gudun hijira, iyalai daga ƙauyukan da a da ake zuwa ɗauko yara suka cika ɗakunan kwanan ɗalibai, ana girki a filin wasa. Sai a 2016 aka sake buɗe sakandaren gwamnati. A 2017 hukumar UNICEF ta ce fiye da rabin makarantun jihar a rufe suke, an kuma kashe malamai sama da 2,200 a Arewa maso Gabas tun daga 2009. Kafin gari ya gama farfaɗowa, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba 2024, ruwa ya shanye unguwanni har fadar Shehu, makarantu suka sake zama mafaka.

Su dattijan nan ba su guji garin ba. Kashim Ibrahim ya komo Yerwa ya zauna cikin littattafansa na addini har ya rasu a 1990, bai ga wannan zamani ba. Janar Shuwa ya gani: ya ƙi barin gidansa na Gwange ko da unguwar ta zama fagen fama, a nan 'yan bindiga suka harbe shi ranar 2 ga Nuwamba 2012. Farfesa Umaru Shehu ya ci gaba da zama a Maiduguri cikin shekarun dokar hana fita da ƙarar bama-bamai, yana farfesa a jami'ar garin, har Allah ya karɓi ransa a watan Oktoba 2023 yana da shekara 92.