Daga Kiru Zuwa Doguwa A Bayan Babur, Da Abin Da Na Jiyo

Yau labarin tafiya na zo muku da shi, kuma a ƙarshensa akwai wani aiki da zan roƙe ku. Amma kafin mu ɗau hanya ga tambaya: a cikinku wace ce za ta iya rera waƙar niƙa guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe? Kowacce ta riƙe amsarta a ciki tukuna.

Maigidana mutum ne mai son waƙoƙin dā ƙwarai. Ya sami labari cewa a Amurka masu babura su kan ɗauki hanya kwana da kwanaki suna ziyartar gidajen mawaƙansu, kamar gidan Elvis Presley da ke birnin Memfis, wanda aka buɗe wa baƙi a 1982, shekara 5 bayan mutuwarsa. Har wa yau suna da wani ɗan gari, Sturgis, inda masu babura ke taruwa a watan Agusta tun 1938. Sai ya ce, "To, mu ma ai muna da babur, muna da mawaƙa. Ga shi kuwa na ji samari za su yi taron babura a bakin ruwan Tiga. Shirya mu zaga ƙasar nan mu ga inda namu kiɗan ya ke kwana." Na ce, "To, Malam." Da aka gama kaka muka bar yara wajen kakarsu, muka tashi daga Kiru da sassafe, tafiyar kwana uku.

Wadda duk za ta hau bayan babur, ga gargaɗi biyu. Na farko, ki tattara mayafinki ko hijabinki ki danne shi a cinya, domin in ƙafar babur ko sarƙa ta kama bakinsa, kafin a taka birki ya shaƙe ki ko ya fizgo ki ƙasa. Na biyu, ki sa hular kwano, ko da za ta ɓata miki ɗaurin kallabi. Kallabi ana sake ɗaura shi.

Zangonmu na fari Bebeji ne, tsohon garin fatake. A nan aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya zama babban attajiri a Kano, ya rasu a 1955. Kusa da rumfar mahauta muka tarad da wani tsoho da kalangunsa a hammata. Malam ya ba shi goro, suka shiga hira, ni kuwa ina gefe ina saurare. Tsohon nan ya ce a ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma ce ran gayya, kakaki da tambari kuwa sai sarki. Ya ce shi wajen ubansa ya gaji kalangu, uban kuma wajen nasa uban, ga jikansa nan ma ya fara taɓawa. Ku lura da wannan magana tasa. Littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a Kano. Yau fiye da shekara 500 ke nan, ba a daina ba. Me ya tsare shi? Gado ne, yana da sarauta, kuma mai yinsa yana ci da shi.

Daga nan muka biya ta Bagauda. An sa wa tafkin sunan sarkin Kano na farko, wanda tarihi ya ce ya hau a shekara ta 999. Otel ɗin da ke wurin a dā yanzu ya zama makarantar koyon aikin lauya. Muna zaune a inuwa muna shan fura sai Malam ya ba ni labarin Waƙar Bagauda, wadda ke jera sunayen sarakunan Kano da shekarun da kowannensu ya yi, tana kuma yi wa mai ji wa'azi game da ƙarewar duniya. Malamai sun rubuta ta da ajami, sa'an nan wani Bature, Mervyn Hiskett, ya buga ta a Landan a 1964 da 1965. Watau ita kuma alƙalami ne ya tsare ta.

Ba mu ratse Tiga ba ran nan, muka bar ta sai a komowa. Da la'asar muka isa Tudun Wadan Dankadai, garin shinkafa, inda ko'ina ka juya ƙarar inji ka ke ji. Muka sauka gidan gwaggon Malam, tsohuwa ce ƙwarai amma da sauran ƙarfinta. Bayan mun ci tuwo, maza sun fita ƙofar gida, sai na ce, "Gwaggo, yau tun safe kiɗan maza na ke ji. Mu mata ba mu da namu ne?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "'Yar nan, ai mu ne masu waƙa. Namiji sai ya ɗauki ganga ya ke waƙa, mu kuwa daga asuba har kwanciya a cikinta mu ke." Ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki, ta nuna mini dutsen niƙanta. Cikinsa ya lotsa saboda shekaru, yanzu kuwa buta a ke ajiyewa a kai.

Ta zauna ta lissafa mini. Akwai waƙar niƙa, wadda mace ke yi ita kaɗai a durƙushe da asuba, ɗan dutse na kai da komo yana ba ta amo. Akwai lugude, mata biyu ko uku a turmi ɗaya, kowacce na jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe ba tare da sun yi karo ba. Akwai waƙar daɓe, ran da za a gyara ɗakin amarya, matan unguwa su taru da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu baki ɗaya har ƙasa ta yi santsi. Akwai shantu na zaman ɗakin amarya, da kiɗan ƙwarya na biki da suna, da gaɗa ta 'yan mata a dandali in farin wata ya fito, da waƙar reno.

Ta ce kuma waƙar niƙa ba don rage gajiya kaɗai a ke yinta ba. In maigida ya ƙuntata cefane, ko kishiya ta tsokane ki, ko uwar miji ta matsa, kunya ba ta bari ki tsaya gabansu ki faɗa. Sai ki bari sai kin durƙusa kan dutse, ki saka maganarki cikin waƙa da habaici. Kowa na kwance yana ji, wanda ya tsargu ya san da shi a ke, ba kuwa mai iya kai ki ƙara. Sau da yawa kafin azahar sai ki ga an gyara.

Na roƙe ta ta rera mini. Ta yi guda biyu, muryarta na rawa amma da zaƙi. Ta kama ta uku, ta kai tsakiya, sai ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Wadda mu ke yinta tare ita ta san ƙarshen, ga shi kuwa ta rasu da daminar nan." Jikarta 'yar makaranta na zaune kusa da mu. Yarinyar kirki ce, ta haddace waƙoƙin fim sun fi ashirin, amma ran nan ta fara jin cewa kakarta ta iya waƙa.

Kada fa ku ce ina kukan dutsen niƙa. A'a. Wadda ta taɓa niƙa kwano biyu na dawa kafin gari ya waye ta san injin niƙa rahama ne. Ya hutar da bayan iyayenmu, shi ne kuma ya ba yarinya sarari ta tafi makaranta da safe. Siminti ma ya fi daɓe ƙarko da tsabta. Abin da na ke nuna muku shi ne, waƙoƙin nan a jikin aiki su ke. Da aikin ya tafi sai ya tafi da su, ba wanda ya ce a tsaya a sauke kaya.

Kashegari muka bi hanyar Jos, muka ratsa dajin Falgore da rana tsaka, muna biye da motoci, gama ba daji ne da a ke shiga da dare ba. A Doguwa muka hango duwatsun wajen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wajen mai shayi a tasha wani direba ya kunna waƙar Ɗan Maraya Jos a wayarsa, yaran mota suna amshi. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, Mamman Shata tun 1999, amma ga muryoyinsu a aljihun kowa, domin an ɗauke su a faifai da kaset. A cikin mata ma wadda ta fita da ƙwaryarta bainar jama'a, kamar Barmani Choge ta Funtuwa da ta rasu a 2013, ba a rasa muryarta ba. Wadda ta yi tata waƙar a cikin gida fa, wa ya ɗauka?

Ran na uku muka juyo muka sauka Tiga. An gina madatsar nan a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda a ke samun shinkafa da alkama da tumatir. Ruwa ne iyakar ganinki. Amma kafin a tare shi akwai ƙauyuka a wurin, aka tashe su aka sake musu matsuguni. Ina tsaye a bakin gaɓa sai na tuna cewa a ƙarƙashin ruwan nan akwai dandali da yawa inda 'yan mata suka yi gaɗa.

Taron babura kuwa, kai, gani ya kori ji! Ga Boxer, ga Jincheng, ga roba-roba, har da wani dattijo da tsohuwar Vespa tasa a goge tas. Ga kuma waɗansu manya-manya da aka zo da su daga birni, in an murɗa totur sai ki ji ƙasa na girgiza. An yi wa waɗansu ado da tuntaye da madubai kamar dawakin hawan salla. Masu tsire da masu soyayyen kifi da 'yan fura duk sun yi ciniki.

Na ga abin yabo, na ga na tsoro. Manyansu sun zo da hular kwano da takalma da safar hannu, suka jeru bi da bi, ba mai wuce wani. Amma can gefe ga waɗansu samari suna ganganci, wannan ya ɗaga ƙafar gaba, wancan ya saki hannu ya miƙe tsaye. Ɗaya ya goyo yarinya ba hula, gyalenta na tashi a iska. Ba a jima ba wani ya zame a kan tsakuwa, aka ɗauke shi hannu da gwiwa duk sun saɓule, Allah ya sa abin ya tsaya nan. 'Yan mata, ku ji da kyau. Tun ran 1 ga Janairu 2009 hukuma ta tilasta sa hular kwano ga mai tuƙi da wanda aka goya. Saurayin da ya ɗauke ki ya yi wasa da ranki don abokansa su tafa masa, tafin ya ke so, ba ke ba. Ki sauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani makaɗi da maroƙinsa da suka shigo tsakiyar fili da kalangu. Maroƙin nan ya dubi babur ya yi ta zuba masa kirari yadda kakansa ya yi wa dokin hakimi, ya yabi mai shi, ya yabi ubansa, samari suna ta yi masa liƙi. Na ce a raina, lalle in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. Doki ya ja baya, makaɗin maza ya bi babur, ya sami sabon ubangida, abincinsa bai yanke ba. Kakaki na da fada, Waƙar Bagauda na da takarda, Shata na da faifai. Waƙar Gwaggo ba ta da kowa sai Gwaggo.

To, ga aikin da na ce zan roƙe ku, kuma an taɓa yin irinsa. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta yi ƙuruciyarta a wajen Zarewa, nan maƙwabtanmu ta yamma, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta har da waƙoƙin da su ke yi. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da ba a zauna da ita ba, da duk ya bi ta kabari. Yanzu kuwa ba sai mun jira baƙuwa daga Ingila ba, tun da Allah ya ba ku karatu.

Ke 'yar makaranta, in an ba da hutu ki sayi littafin rubutu guda, ki ware shi. Ki tafi wajen kakarki ko wata tsohuwar unguwa da ɗan goronki, ki gaishe ta, ki taya ta tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa, gama tsohuwa ba ta waƙa hannunta na zaune. In ta fara, ki rubuta yadda ta faɗa, kada ki gyara mata Hausa. Ki sa sunanta da garin da ta koya, da irin aikin da a ke yi da waƙar. Kalmar da ba ki gane ba ki tambaya, ki rubuta ma'anarta a gefe. In akwai waya a gidan, ki nemi izninta ki ɗauki muryar, domin takarda ba ta riƙe karin waƙa. Kome kika ji, kada ki yi dariya, in kin yi sau ɗaya ta rufe baki ke nan.

Ku kuma matan aure, wadda ta tuna ko baiti biyu na waƙar reno, ta riƙa yi wa na goye, yayyensa na ji. In kuna da biki, ku nemi masu ƙwarya ku ba su ko sa'a ɗaya kafin a kunna na'ura, ku kuma sallame su da kyau, don 'ya'yansu su ga sana'ar tana da amfani.

Jikar Gwaggo ta riga ta fara, ta aiko mini da saƙo cewa ta rubuta guda bakwai, kuma tana neman wadda ta san ƙarshen ta ukun nan a ƙauyukan kewaye. Wadda duk ta tara nata, ta aiko wa Edita da sunan wannan fili, za mu riƙa bugawa da sunan tsohuwar da ta bayar in ta yarda. Ku hanzarta tun masu abin suna nan. Allah ya ba mu ikon yi, ya kiyaye mu a kan hanya, amin. Haza wasalam.