Ba A Ɗora Tukunya Sai Da Murhu

Ran nan muna darasin Hausa na yamma a Aboabo, sai wata yarinya ta rubuta cewa innarta ta "ɗaura" tukunya a wuta. Muka ce, 'yata, da wace igiya? Aji ya kwashe da dariya. Amma da muka duba sauran littattafan, dariya ta koma ciki, don yawancinsu haka suka rubuta.

To jama'a, ɗaurawa aikin igiya ne, ko zane, ko aure. Ɗorawa kuwa ita ce aza wani abu bisa wani, na ƙasan yana nan daram. Mai waakye, wato shinkafa da wakenmu da Asantawa suka ara har da sunan, takan zuba a ganye, ta ɗora taliya, ta ɗora gari, ta ɗora shito da ƙwai. Dattijo ran Idi yakan ɗora babbar riga bisa 'yar ciki. A makarantar allo, malam ba ya yi wa yaro ɗori sai ya riƙe karatun jiya. Mai ɗori ma, idan ƙashi ya karye, a kan ɗan'uwansa yake mayar da shi.

Mu kanmu 'yan Zongo haka aka gina mu. Kakanninmu fataken goro suka zo da Hausa daga Kano da Katsina. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da yawa suka gangaro kudu. A Kumasi suka ɗora Asantanci don ciniki, iyayenmu suka ɗora Turanci don boko. A 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, waɗanda suka rage suka ƙara riƙe harsunan ƙasa. Ba mu ga laifinsu ba.

Abin da ke damunmu shi ne, mu malamai da muka yi kwalejin horon malamai, mu ne kan gaba wajen yi wa 'ya'yanmu Turanci a gida. Makarantar gwamnati ba ta koyar da Hausa. Mu ma muka bari. Yau yaro ba ya iya gaida kakarsa sai da tafinta. Wannan ba ɗori ba ne, janye murhu ne tukunya na kan wuta.

Kada mu ɗora wa yara laifi. Mu fara daga gaisuwar safe. Allah ya sa mu dace, amin.