Kusoshin Jan Ƙarfe a Vancouver

Daga Abuja zuwa Vancouver tafiya ce mai karya gaɓɓai. Ka kwana a sama, ka sauya jirgi a Turai, ka sake lulawa ta saman teku da ƙanƙara, ka sauka ka tarar agogon hannunka ya riga na garin da awa 8. Bikin kammala karatun ɗan ƙanwata ne ya kai ni, a Jami'ar British Columbia da ke can kuryar yammacin Kanada, kan wani tsauni da ya zura kai cikin teku. Shi ya tarbe ni, muka hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari, daga nan bas mai lamba 99 ta miƙe da mu har tsakiyar makaranta.

Abin da ya fara jan hankalina allunan tituna ne. Ban da Ingilishi, akwai wani rubutu mai ɗige-ɗige da haruffan da ban taɓa gani ba. Yaron ya ce, "Kawu, harshen Musqueam ne. Ƙasarsu muke takawa." Mutanen Musqueam sun shafe dubban shekaru a bakin kogin Fraser kafin zuwan Turawa, kuma ba su taɓa sa hannu a wata yarjejeniya ta sallama wannan ƙasa ba. Yau ga su can kudu da jami'ar, a ɗan yankin da gwamnati ta keɓe musu. Duk taron da na halarta, har da na bikin, sai mai buɗewa ya fara da ambaton cewa ana zaune ne a ƙasar Musqueam wadda ba a sallama ba. Ran farko abin ya burge ni. Da na yi ta jinsa, wasu na karanto shi a guje kamar sanarwar cigiya, sai na fara tambayar kaina me ke biyo bayan faɗin.

Da safe ya kai ni gindin wani sassaƙaƙƙen gungume da ke tsaye a babban titin makarantar, tsayinsa ƙafa 55. Sunansa Ginshiƙin Sulhu. James Hart, gwanin sassaƙa kuma basarake daga ƙabilar Haida, shi ya jagoranci aikin a jikin bishiyar sida mai kimanin shekara 800, aka ɗaga shi da igiyoyi da hannun jama'a ranar 1 ga Afrilu, 2017. Daga ƙasa ake karanta shi. A gindi akwai kifi da dabbobin dawa, wato zaman mutane kafin a taɓa su. A tsakiya an sassaƙa ginin makaranta, a samansa yara riƙe da juna, kuma da gangan aka bar su ba sawaye, don a lokacin ba su da ƙasar takawa. Jikin makarantar kuwa cike yake da kusoshin jan ƙarfe, dubbai, sun yi cunkus har katakon ba ya ganuwa. Waɗanda suka tsira daga makarantun da iyalansu da ɗalibai ne suka buga su ɗaya bayan ɗaya, don tunawa da yaran da suka mutu a can. Can sama akwai kwalekwalen 'yan ƙasa da na Turawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai gaggafa a ƙololuwa. Na daɗe ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage.

Makarantun da ake magana a kansu na kwana ne, gwamnati ke ba da kuɗi, coci-coci ke gudanarwa. Sama da shekara ɗari ana ɗauke yaran 'yan asalin ƙasa daga hannun iyayensu, a aske su, a sauya musu suna, a yi musu duka in sun yi yarensu. Yara kimanin 150,000 ne suka bi ta cikinsu, dubbai ba su koma gida ba, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008. Hukumar Gaskiya da Sulhu, ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, ta saurari dubban shaidu, ta fitar da buƙatu 94 a 2015. Ita kanta jami'ar ta nemi tata gafarar a Afrilun 2018 ta bakin shugabanta na lokacin, Santa Ono, ranar buɗe wata cibiya ta adana tarihin makarantun, don ita ma ta horar da ma'aikata da masu tsara manufofin da suka riƙe wannan tsari, ta kuma yi gum. Na shiga cibiyar. Akwai wani makeken allo da ake taɓawa da yatsa, hotuna da takardu su fito. Na ga wata dattijuwa tsaye gabansa tana faɗaɗa hoton wani aji, tana bin fuskokin yaran ɗaya-ɗaya. Ban matsa kusa ba.

Amma inda na fi gamsuwa ba wurin ginshiƙi ba ne. Wani dogon gida ne na katako da aka buɗe a 1993, an gina shi kan fasalin gidajen Musqueam na dauri, da manya-manyan ginshiƙai sassaƙaƙƙu a zaurensa. Nan ɗalibai 'yan asalin ƙasa ke samun wurin karatu, da masu ba su shawara kan darussa da kuɗin makaranta, da abinci na tare, da dattawan da za su zauna su saurare su. Yaron da ya taso a ƙauyen da sai jirgin sama ko na ruwa ke shigarsa, wanda kakarsa ke jin kalmar makaranta gabanta ya faɗi, ba jawabi zai hana shi tattara kayansa ya koma ba. Abin da zai riƙe shi shi ne wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci. Kusa da gidan akwai ɗakin karatu mai suna Xwi7xwa, da aka nutsa shi cikin ƙasa irin gidajen hunturu na mutanen tudu. Littattafansa ma ba bisa tsarin da muka sani aka jera su ba. Tsarin wani ɗan ƙabilar Mohawk ne, Brian Deer, wanda ke haɗa al'ummai bisa ƙasarsu da dangantakarsu. Tun 1974 kuma jami'ar ke da shiri na musamman na horar da malamai 'yan asalin ƙasa, ana kuma koyar da harshen Musqueam a cikin unguwarsu.

A nan na tuna tarar da ake ci a makarantunmu in yaro ya kuskura ya yi yarensa a aji. Ban haɗa wannan da abin da aka yi wa yaran Kanada ba, ko kusa. Sai dai ya kamata mu Hausawa mu san cewa a Bauci da Filato da Adamawa akwai ƙananan harsunan da ke ƙarewa, kuma namu harshen ne ke maye gurbinsu.

Da yamma muka ratsa kudancin makarantar, unguwar Wesbrook, inda dogayen benaye masu tsadar gaske suka tashi. Jami'a ce ke ba da filayen haya na shekara 99, kuɗin su shiga asusunta. A kan ƙasar nan dai da ake ambata kullum cewa ba a sallama ba. Na ce da yaron, "To, wannan fa?" Ya yi dariya ya ce ɗalibai ma suna yin tambayar. Ai mai neman yafiya ba ya riƙe da akuyar da ya ɗauka. Filin jirgin saman garin ya ɗan nuna hanya: a 2017 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da Musqueam, yana ba su kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa, da guraben aiki da tallafin karatu.

Wanda duk Allah Ya kai shi Vancouver, ya je ya ga ginshiƙin, ba a biyan ko sisi. Amma kada ya tsaya nan. Ya ƙarasa dogon gidan ya ga yadda ake riƙe ɗalibai, sannan ya gangara Wesbrook ya ga abin da ya rage a warware.